Hukuncin da Na Yanke a Rumfar Baba Tela

Satin da ya wuce jikata ta zo hutu daga makaranta, ta same ni a zaure ina jujjuya wani tsohon littafi da idona ya daina gani sosai. Ta zauna a bakin tabarma da waya a hannu, ta ce suna da wani zaure a cikin wayar, 'yan Zariya da Kano da Kaduna har da na ƙasashen waje, duk wanda ya gama littafi sai ya shigo ya faɗi abin da ya karanta, da yadda ya ji, da wanda yake nema. Ta ce, "Baba Tsoho, an ce kai ma a zamaninka ba ka da aiki sai karatu. Faɗa mini littafin da ya fi kowanne a cikin duk waɗanda ka karanta, in gaya musu su nema." Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na fasa. Na ce sai na yi tunani. Ta yi dariya ta ce tsufa ya cinye mini sunayen. Ba tsufa ba ne. Littafin da ya fi kowanne a wurina ba wanda zai iya nemo shi, ba a taɓa buga shi ba, kuma da hannuna a cikin dalilin. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In fita gona in dawo ban yi komai ba, in zauna in tashi, in je bakin titi in tsaya ina kallon motocin Makarfi kamar mai jiran baƙo.

A lokacin da nake magana ni saurayi ne a Kudan, na gama firamare ban ci gaba ba, domin mahaifina yana da fadamar rake kuma ni ne babban ɗansa namiji. Wanda bai tashi a gidan masu rake ba, ba zai san yadda aikin yake cin mutum ba. In lokacin yin mazarƙwaila ya zo, tun da hantsi za ka ji kukan injin matsa, wani irin ƙiii mai tsawo, doki yana zagaye yana jan itacen da ke juya shi, kofatonsa na bugun ƙasar da ta riga ta zama kamar daɓe. Ruwan rake na zuba a garwa, wuta na cin busasshiyar tuƙa a ƙarƙashin manyan kasake, ƙamshi na bin iska har cikin gari, ƙudan zuma sun cika wurin ba mai kula su. Aikina shi ne tura rake a bakin inji da kora dokin in ya yi sanyi. Da hannu ɗaya nake turawa, ɗayan yana riƙe da littafi. Mahaifina yakan tsaya ya dube ni ya ce, "Ranar da injin nan ya ci maka yatsu, sai mu gani ko takardar za ta mayar maka da su." Bai taɓa ƙwace mini littafi ba, bai kuma taɓa yarda cewa abu ne mai amfani ba. Yanzu doki ya tafi, inji mai shan mai ya zo, ƙararsa ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai, balle ka bi zaren labari a takarda.

Littafi a wancan zamanin ba abu ne da ake tsinta a ƙauye ba. Sai wani ya je Zariya ya sayo guda, ko wani ɗan makarantar kwana ya dawo da shi a ƙasan akwati, daga nan littafin ya kama yawo har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare. Mahaɗarmu ita ce rumfar wani dattijo mai ɗinki a kasuwar Makarfi, Baba Tela muke ce masa. Bai iya boko ba ko harafi ɗaya, karatunsa na allo ne. Amma a ƙarƙashin kekensa akwai akwatin ƙarfe inda duk littattafanmu suke kwana, kuma ya san kowanne da launin bango, da nauyinsa a hannu, da labarin da ke ciki, saboda doka ɗaya ya kafa mana: duk wanda ya dawo da littafi sai ya zauna ya ba shi labarin abin da ya karanta kafin ya ɗauki wani. Yana taka keke, ya tsaya ya ciji zare, ya ce, "To, sai me ya faru?" In ka tsallake tsakiya zai kama ka, domin wani ya riga ya ba shi labarin tun watanni. Ranar kasuwa nakan tako keke daga Kudan da kayan mazarƙwaila a baya, in sauke wa dillali, in ruga rumfar ko ruwa ban sha ba. Tun daga nesa nake leƙen hannun mutane in ga me kowa ya riƙo.

Masu zuwa da tafiya suna da yawa, amma mu uku ne ba ma fashi. Ni, da wani malamin firamare daga Nasarawan Doya da muke kira Ticha, mutum mai son gardama da dariya, sai wani malamin asibiti da ke aiki a wani ɗan ɗakin shan magani a wani ƙauye bayan Ikara. Mutanen ƙauyen Likita suke ce masa, mu ma muka bi su. Kirista ne, daga kudancin Kaduna aka turo shi, dogo siriri, ya girme ni da 'yan shekaru, ba shi da yawan magana. Shi ya fi kowa nisa, kuma shi yake riga kowa zuwa. In aka kira azahar muka tashi, shi yake tsare rumfa, mu dawo mu tarar ya tattara wa Baba Tela ƙyallayen da suka zube, ya jera littattafan akwatin bisa tsayi. Shi ya fara ara mini littattafan Turanci. Yakan ja layi da fensir ƙarƙashin kalmomin da yake zaton za su ba ni wuya, ya rubuta ma'anarsu da Hausa a gefe, da wasu ƙananan haruffa masu kwanciya hagu. Saboda haka na san rubutun hannunsa kamar yadda na san hanyar gidanmu.

Ni kuma Alƙali suke ce mini, kuma sunan ya shiga kaina. Ina da saurin karatu da kaifin baki. In na ce littafi ya yi, kafin ya koma akwati an yi layi a kansa. In na ce bai yi ba, sai ya kwanta a ƙasan akwatin ya yi ta shan tsatsa. Na ga yadda yaran yanzu suke yi, mutum ya karanta rabin shafi a waya ya danna alamar so ko ta ƙi ya wuce, bai san fuskar wanda ya rubuta ba, wanda ya rubuta bai san tasa ba. Littattafai sun yi musu yawa har ba su san wanda za su fara ba, mu kuwa guda ɗaya muke jira sati uku, in ya zo mu karanta har da sunan maɗaba'ar da ke bayansa. Mu ido da ido muke, gwiwa na gogar gwiwa a benci ɗaya, ƙwarya ɗaya ta fura tana zagaya mu. Nakan so in ce namu ya fi, kamar yadda tsofaffi suka saba faɗa. Amma na san abin da na aikata ido da ido ɗin, don haka ba ni da bakin yi wa kowa gori. Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin: ina da littafin rubutu da na ɓoye a cikin jinkar ɗakina, ina rubuta labari a ciki, kuma na riga na yanke wa kaina cewa in har za a samu marubuci a cikinmu, to ni ne.

Wata ranar kasuwa, Likita ya jira har Ticha ya tashi sayen goro, sannan ya buɗe jakarsa ya ciro wani ƙunshi. Littattafan rubutu ne irin na 'yan makaranta, guda biyar, an ɗaure su da tsumman bandeji.

Ya ce, "Alƙali, wani abokina ne a can gida ya rubuta wannan. Ya ce in nema masa wanda ya san littafi ya duba. Na ce masa ina da mutum."

Na ce, "Labari ne?"

"Labari ne. Bai gama ba. Ka karanta ka faɗa mini gaskiya, ni kuma in kai masa."

Na karɓa na jefa a jaka kamar ba wani abu ba. Sai da na isa gida na kwance. A shafin farko na ga ƙananan haruffa masu kwanciya hagu, na yi murmushi, na ce a raina yau kuma Likita ne da rubuta labari.

Murmushin bai kai shafi na goma ba. Labarin wani maƙeri ne daga wani ƙauye a kan dutse, wanda ya sauko ya tafi aikin haƙar kuza da niyyar shekara ɗaya, shekara ɗaya ta zama ashirin. Kullum yana cewa bana zan koma, kullum wani abu na riƙe shi. Akwai wurin da ya shiga kasuwa ya ji wata tsohuwa tana ciniki da yaren ƙauyensu. Ya kasa yi mata magana saboda kunyar daɗewar da ya yi, sai ya riƙa bin ta daga rumfa zuwa rumfa yana yi kamar mai sayayya, don kawai ya ci gaba da jin harshen uwarsa. A bakin inji nake lokacin da na zo wurin. Doki ya tsaya ban sani ba, rake ya ƙare a hannuna ban sani ba, sai tsawar mahaifina na ji. Littafi na biyar ya tsaya a rabi, maƙerin ya ɗaure kayansa yana tsaye a tashar jirgin ƙasa, jirgin da zai bi ta wajen gida ya iso, daga nan sai fararen shafuka. Na karanta shi duka sau uku a cikin satin nan. Sannan na zaro nawa daga jinka, na karanta shafi biyu, na ji kamar ina tauna tuƙa bayan na sha ruwan rake.

Allah ya sani, da niyyar yabo na fito ranar kasuwar da ta biyo. A kan keke ina ta shirya kalmomin da zan faɗa masa, tun daga Kudan har na hango rumfunan Makarfi. Sai na tarar rumfar ta cika fiye da kullum, har da waɗanda ba su cika zuwa ba. Na ajiye ƙunshin a benci, Baba Tela ya ce doka tana nan, ko na hannu ne sai an ba shi labari. Na fara. Ban yi nisa ba na ji keken ɗinki ya tsaya. Da na zo wurin tsohuwar nan ta kasuwa, wani mai sayar da albasa da ya zo karɓar wandonsa ya zauna a ƙasa ya manta da wandon. Likita yana can gefe, kansa a sunkuye, yana murza bakin rigarsa. Da na kai tashar jirgi na yi shiru, Ticha ya buga cinya ya ce, "Kai! Wannan ai ya fi na bugawa! Alƙali, yau dai an samu wanda ya fi ƙarfin hukuncinka."

Wasa yake yi, amma maganar ta soke ni daidai inda nake ciwo. Na ji bakina yana magana kamar ba nawa ba. Na ce, "Ku dakata. Ni ne na gyara shi a bakina, a takarda ba haka yake ba. Hausar ciki duk a karye take. Mace ya zo, namiji ya zo, ba a san uwa ba ba a san uba ba." Na kwance ƙunshin, na buɗe shafi, na karanta layi biyu da ƙarfi, ina kwaikwayon yadda mutanen kudu suke jan Hausa. Ba na kowa na kwaikwaya ba, na Likita na kwaikwaya, yadda yake faɗin kalmomi in yana gaishe da Baba Tela. Aka kwashe da dariya. Ticha ma ya yi, sai ya dubi gefe, dariyar ta mutu a fuskarsa. Ni kuwa ban tsaya ba. Na ce, "Likita, ka gaya wa abokinka ya fara koyon harshen tukuna. In ya iya, sai ya zo ya yi mana labari da shi."

Likita ya miƙo hannu ya ce, "Kawo. Zan gaya masa." Ya jera su biyar ɗin, ya ɗaure da bandejin a hankali, ya sa a jaka. Ya ce, "Na gode, Alƙali. Gara da aka faɗa masa da wuri." Ya yi wa Baba Tela sallama, ya ja kekensa ya tafi tun la'asar ba ta yi ba.

Da mutane suka ragu na sunkuya zan buɗe akwati, Baba Tela ya sa ƙafa ya danne murfin. Ya ce, "Yau babu littafi gare ka." Ya ci gaba da saka zare a allura bai dube ni ba. Can ya ce, "Ni ban iya karatunku ba. Amma ranar da yaron nan ya kawo ƙunshin na ga yadda ya riƙe shi. Ba a riƙe kayan aboki haka. Kai da ka iya karatu, ka sani ko ba ka sani ba?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "To, ka sani. Tashi ka ba ni wuri, ina da ɗinki."

Kasuwa ta zagayo, Likita bai zo ba. Ta sake zagayowa, bai zo ba. Da na bi abin da zuciyata ta ce tun ranar farko, da washegari na kama hanyar Ikara. Amma girman kai yana da dabaru. Na ce wa kaina ai Hausar a karye take da gaske, na ce ai shi ya nemi gaskiya, na ce wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. Abinci ya daina yi mini daɗi, na riƙa yi wa doki tsawa ba laifin komai, in ɗauki littafi in karanta shafi ɗaya sau huɗu ban san me ya ce ba. Sai a sati na uku na sami mahaifina bayan sallar asuba na ce zan je Ikara. Ya ce lafiya? Na ce na yi wa wani mutum abin da bai dace ba. Ya dube ni ya ce, "Hau keke. Raken ba gudu zai yi ba."

Rana ta ɗaga sosai lokacin da na isa ƙauyen. Ɗakin shan maganin ɗaki biyu ne da rufin kwano, marasa lafiya suna zaune a gindin wata bishiyar mangwaro suna jiran layi. Ina jingine keke wani dattijo Bafulatani ya fito da ɗan ƙunshin magani a hannu, ya tsaya kusa da ni ya warware yana duba ƙwayoyin. Idona ya sauka a kan takardar. Haruffa ne masu kwanciya hagu. Na roƙe shi ya ba ni in gani, ya miƙo yana mamaki. Kwatar shafi ce, an yaga ta tsakiyar magana, amma na gane wurin, inda maƙerin yake ɗaure kayansa ranar da zai nufi tashar jirgi. Na mayar masa, na shiga ko sallama ban yi da kyau ba.

Likita yana zaune a tebur, gwangwanin ƙwayoyi a gabansa, littafin rubutu a buɗe a gefe. Ya yagi shafi, ya ninka huɗu, ya raba, ya zuba ƙwayoyi a ɗaya ya naɗe ya miƙa wa wata mata. Sannan ya ɗago.

Ya ce, "A'a, Alƙali! Sannu da zuwa. Lafiya? Ko Baba Tela ne ba lafiya?"

Na ce, "Kowa lafiya. Likita, mene ne wannan kake yi?"

"Takardar naɗe magani ta ƙare mana. Wannan mai kauri ce, tana riƙe ƙwaya."

Na ce, "Na san kai ka rubuta. Tun shafin farko na sani."

Ya ce, "Na san ka sani."

Na zauna a bencin marasa lafiya. Na ce masa sau uku na karanta. Na ce ban taɓa karanta abin da ya kai shi ba, na bugawa ko na hannu. Na ce abin da na yi a rumfa hassada ce, ni ma ina rubutu a ɓoye, na ga nasa na raina nawa. Hannunsa ya tsaya a kan gwangwanin.

Ya ce, "Sau uku?"

"Sau uku."

"Wane wuri ya fi kama ka?"

Na faɗa masa wurin tsohuwar kasuwa. Na ba shi shi kusan kalma da kalma, yana saurare yana kallon taga. Da na gama ya ce, "Wurin nan ni ma ina son sa. Shekaranjiya ya tafi. Wata mai ciwon kai ta tafi da shi."

Huɗu sun riga sun ƙare, na biyar ne a kan teburin, shi ma saura kaɗan. Na ce masa labarin yana kaina, in riƙa zuwa duk sati ina faɗa yana rubutawa, ba abin da zai ɓace. Na ce in Hausar ce damuwa, gyaranta aikin kwana biyu ne, kuma ni ban ga abin gyara ba. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Abin da ka faɗa a kan Hausata ba ƙarya ba ne, shi ya sa ya shiga. Na gwada, Alƙali. Na dawo ranar nan na ɗauki biro. Duk layin da na fara, muryarka nake ji tana karanta shi, mutane suna dariya. Ban riƙe ka a zuciya ba, Allah ya gani. Hannun ne ya ƙi." Ya yagi wani shafin, ya leƙa ƙofa ya ce, "Na gaba!"

Bai bar ni na tafi da yunwa ba. Da ya sallami mutane ya kai ni ɗakinsa, ya dafa mana doya, ya nuna mini inda zan yi salla, ya raka ni har bakin hanya. Wannan kirkin ya fi zagi ciwo. Bayan nan ya dawo rumfa, yana karɓar littafi yana mayarwa, yana ba Baba Tela labari kamar da, har yana ci gaba da ja mini layi a ƙarƙashin kalmomi masu wuya. Ba wanda ya sake tada zancen. Ni dai na hana a kira ni Alƙali, in aka tambaye ni littafi sai in ce a karanta a gani. Nawa rubutun na cusa shi a wutar kasko tare da tuƙa, ba don tuba ba, don na san matsayinsa. Ba a yi wata huɗu ba takarda ta zo an mayar da Likita wani gari can kudu. Wasiƙa ɗaya ya aiko mini, yana gaya mini wani littafi da ya ce lallai in nema, na ba shi amsa, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na yi cigiya bayan shekaru, wurin direbobi da malaman asibiti, wani ya ce ya san mai irin sunan, wani ya ce ya rasu, ba wanda ya ba ni tabbas. Na gwada rubuta labarin maƙerin da kaina sau da yawa, kullum sai ya fito da muryata, Hausa tsaf ba karaya, kuma babu rai a ciki.

Ranar da Likita zai tafi ta faɗo ranar kasuwa. Ya biyo ta Makarfi da akwatinsa da katifa a naɗe, ya ajiye wa Baba Tela kwalin littattafansa gaba ɗaya, ya ce a zuba a akwati kowa ya karanta. Baba Tela ya tashi daga kan keke, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani a cikinmu ba, ya riƙe hannunsa ya yi masa addu'a mai tsawo. Ni da Ticha muka raka shi tasha. Babbar mota ce ta ɗaukar hatsi, ya hau baya ya zauna a kan buhuna. Direba ya tada inji. Na ga in ban tambaya yanzu ba, shi ke nan.

Na matsa jikin motar na ce, "Likita, maƙerin nan. Ya hau jirgin? Ya koma gida?"

Ya dube ni daga sama, ya ɗan yi murmushi. Ya ce, "Hanya biyu gare ni, na kasa zaɓa. Shi ya sa na ba ka. Na ce Alƙali zai san wadda ta fi."

Motar ta ja. Na tsaya kamar an dasa ni, har ta kai kwanar fita kasuwa. Sai na fizgi kekena na bi ta, ina taka feda kamar mahaukaci, mutane na kaucewa, awaki na watsewa. Na bi ta har bayan gari, inda gonaki suka fara, ina ɗaga murya iya ƙarfina: "Ka mayar da shi gida! Likita, ka mayar da shi gida!" Injin motar yana ruri, tazara tana ƙaruwa. Na ga ya ɗaga hannu ɗaya sama, ya riƙe shi a haka har hanya ta lanƙwasa. Ko amsa ce, ko sallama ce kawai, har yau ban sani ba.